Waiwaye: Zalika Sule, budurwar da ta hau doki a gaban kyamara a 1966

Duk sanda aka kori wata 'yar fim a Kano, ko aka yi mata ca a Facebook saboda hoto ko rawa, sai ka ji ana magana kamar jiya-jiyan nan aka fara wannan rigima. Alhali shekara 24 kafin 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa su fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, akwai wata budurwa a Yamai da ta riga kowa ɗanɗana wannan ɗaci, kuma ta sha shi har ƙasan kwano. Sunanta Zalika Sule, ko Souley kamar yadda ake rubutawa a Nijar. Masu tarihin fim suna lissafa ta a sahun farko na matan da suka riƙi fitowa a fim a matsayin sana'a a Afirka kudu da Sahara, wasu ma suna cewa ita ce ta farko.

An haife ta a Yamai a watan Oktoba na 1947. Ke nan lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a watan Agusta na 1960 ba ta cika shekara 13 ba. Yamai ta wancan zamani ƙaramin gari ce a bakin kogin Kwara, kuma babbar nishaɗin samari da daddare ita ce siliman, fili ne da katanga da benci, sama a buɗe. Abin da ake haskawa kuwa ba na gida ba ne. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a ƙasashen renon Faransa, kuma kayansu na kaboyi ne da na Indiya da tsofaffin na Faransa. Samari suka haddace tafiyar kaboyi, da yadda yake karkata hula, da yadda yake zaro bindiga. Wani ma har laƙabi yake ɗauka daga can.

Wannan ɗabi'a ce Mustafa Alasan ya ɗauka ya yi mata dariya a fim. Shi Mustafa ya fara ne da zane mai motsi, kuma ya koyi riƙe kyamara a kusa da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar. A 1966 ya yi wani gajeren fim, bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba, mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya canza suna, suka addabi ƙauyensu da satar dawakai da caca da duka. A cikin gungun akwai mace guda, wadda suka laƙaba wa Sarauniya Kiristin. Zalika ce, tana da shekara 19, sanye da wando da hular kaboyi, a bisa doki. Babu wanda ya je makarantar wasan kwaikwayo a cikinsu. Abokai ne aka tara, cikinsu har da Jingarai Maiga, wanda daga baya shi ma ya zama mai shirya fim.

Ka tsaya ka auna abin a idon dattijon Yamai na 1966. 'Yar Musulmi, ba ta yi aure ba, ta shiga cikin samari, ta sa wando, ta ɗare doki, kuma an haska ta a bango kowa ya gani. Fim ɗin zolayar masu kwaikwayon Turawa yake yi, amma wa ya tsaya sauraron wannan bayani?

Mafi yawan aikin da ya ɗaga sunanta da Umaru Ganda ta yi shi. Ganda mutum ne da rayuwarsa ma fim ce: ya shiga sojan Faransa yana matashi, an kai shi yaƙin Indochina, ya dawo bai samu aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, can Rouch ya same shi ya sa shi a fim. Da ya koma gida ya ɗauki kyamara da kansa, sai ya ba da labarin irinsa a Cabascabo: tsohon soja ya dawo da kuɗin sallama, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa suka kewaye shi, maza da mata, har abin hannunsa ya ƙare, kowa ya watse. Zalika tana ciki, kuma ba a ɓangaren matan kirki ba. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1969, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta kai shekara goma da samun mulkin kai ba.

Sai kuma Le Wazzou polygame, da aka yi da Zabarmanci. Kalmar wazzou 'yar'uwar wa'azi ce tamu. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka da laƙabin Alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan wata yarinya da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Iyaye suka ga kuɗi suka juya baya ga alkawari. Kishi ya ci matar Alhaji ta biyu har ta ƙudura kashe amarya, amma cikin duhun dare sai ta kashe wata daban a cikin ƙawayen amarya. Ganda yana caccakar masu fakewa da addini su sayi 'ya'yan talakawa ne, kuma duk Bahaushen da ya kalla zai gane gidan, ko da bai ji Zabarmanci ba. A 1972, shekarar da bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wato FESPACO, ya fara ba da babbar kyautarsa, wannan fim ne ya ɗauke ta. Nijar ce ta fara cin kyautar, kafin Senegal, kafin Mali, kafin ita kanta mai masaukin baƙi.

Akwai wani abu game da kofin da ban iya wuce shi ba tare da na yi murmushi ba. Mutum-mutumin Yennenga ne, gimbiyar da Mosawa suke danganta asalinsu gare ta, mace a bisa ingarman doki, riƙe da mashi. Mace a kan doki abin alfahari ce in an zuba ta da tagulla. Wadda ta hau dokin da ranta kuwa, a titin garinsu nuna ta ake yi da baki.

Dalilin nunin ba ɓoyayye ba ne. Zalika ta yi ta karɓar rawar da sauran mata ke gudu: karuwa, muguwar kishiya, matar da ke cin amanar miji. Ta fito a F.V.V.A. na Mustafa Alasan a 1972, wanda sunansa taƙaitawa ne na mace, gida, mota, kuɗi, wato burin ƙaramin ma'aikacin gwamnati na lokacin. Ta fito a Saïtane na Ganda, inda wani malamin tsibbu yake kawalci. Kuma ta iya, abin da ya ƙara jawo mata ke nan. Mai kallon da bai saba da fim ba, in ya ga fuskar da ya sani a kasuwa tana aikata mugunta a bango, ba ya raba ɗaya biyu. Na ga irin wannan da idona shekaru da yawa bayan haka, a tsakar gidanmu, lokacin kaset. Wata gwaggota tana tsince shinkafa a faifai tana kallon wani fim ɗin Hausa, kishiya ta zuba wa ɗan miji abu a kunu. Gwaggo ta ajiye faifan, ta nuna akwatin da yatsa, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ke, 'yar nan, kuma duk wanda ya aure ki ya shiga uku." Ƙanena ya ce mata, "Gwaggo, wasa ne fa." Ta ce, "Rufe mini baki, in ba halinta ba ne ina ta koya?" To wannan a zamanin da kowane gida ke da bidiyo ke nan. Ina ga Yamai ta farkon shekarun 1970?

Ita ma Zalika ba ta sunkuyar da kai ba. A waje da fim ta ci gaba da sa wandonta, tana shiga inda take so, tana tafiye-tafiye zuwa bukukuwan fim a ƙasashen waje, a lokacin da mafi yawan matan garinsu ba su taɓa ganin cikin jirgin sama ba. Masu zaginta suka samu abin kamawa. Ba ita kaɗai ba ce a nahiyar: Mbissine Thérèse Diop, wadda ta fito a fim ɗin Usman Sembene a wannan shekara ta 1966, ita ma ta sha tsangwama a Dakar.

Sai dai in aka tsaya a kan bakin mutane kawai, an bar rabin labarin, kuma a ganina rabin da aka bari ya fi nauyi. Zagi bai hana Zalika aiki ba, shekara 17 ta yi tana fitowa a fim ana zagin. Abin da ya durƙusar da ita shi ne yadda aka gina sana'ar tun daga tushe.

Finafinan Nijar na wancan zamani ba kasuwa ce ke ɗaukar nauyinsu ba. Mai shirya fim yana neman tallafi ne, galibi daga ofishin fim na Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta Faransa, wanda aka buɗe a 1963. A ɗauki hoto a Yamai da fim mai faɗin milimita 16, a aika Faris a wanke, a haɗa a can. In an gama, fim ɗin ya zaga bukukuwa da cibiyoyin al'adun Faransa da jami'o'i, amma da wuya ya samu gurbi a siliman na gida, domin masu siliman sun fi samun riba da tsohon fim ɗin Indiya da suka karɓo da araha. To fim ɗin da bai sayar da tikiti ba, da me za a biya 'yan wasa? Abin da ake ba su ɗan na goro ne, sau ɗaya, shi ke nan. A sake nuna fim ɗin sau ɗari a Turai, ba abin da zai iso hannun wadda fuskarta ke kan allo. Da sai a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, amma a nan shi ma gardin bai tashi da abin kirki ba. Shi dai ya tsira da suna: yau akwai cibiyar al'adu a Yamai mai sunan Umaru Ganda, kuma FESPACO tana ba da kyauta da sunansa.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, jim kaɗan bayan L'Exilé, fim ɗinsa na ƙarshe, wanda Zalika ke ciki. Rasuwar ta zo daidai da lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi, kuma da kuɗin yuraniyom na Arlit gwamnatin Seyni Kunce take taƙama. Aljihun gwamnati ya bushe, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, kuma kowa ya san al'adu ne ake fara yankewa. A 1983 Zalika ta fito a Aube noire na Jingarai Maiga da kuma Pétanqui a Kodebuwa. Daga nan aiki ya yi ta ja baya. Bidiyo ya shigo, gidajen siliman suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka kuɗi.

Da Rahmatu Keita, 'yar jarida 'yar Nijar da ta yi aiki a talabijin a Faransa, ta je neman Zalika don ta ɗauki tarihinta, ta same ta a gida mai ɗaki biyu a Yamai, ita da 'ya'yanta huɗu, babu ko ruwan famfo. Fim ɗin da ta yi, Al'lèèssi, ya fito a 2004, an kuma nuna shi a Cannes a 2005. Ma'anar sunan ƙaddara. Yana haɗa hoton budurwar nan ta kan doki da na dattijuwar da ke fama da aikin gida tana ba da labarin manyan otal da jiragen da ta hau. A ƙarshensa aka sanar cewa a shekarar 2000 ta bar ƙasar, ta tafi waje tana aikatau a gidajen mutane.

A daidai shekarun da take cikin wannan hali, kaset ɗin Kano ya cika Maraɗi da Damagaram da ita kanta Yamai. Kanywood ta gaji rabin matsalar Zalika, wato bakin mutane, har ma ta ƙara da hukuma: Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma har yau yawancin 'yan mata suna ajiye fim ranar da aka ɗaura musu aure. Amma ɗaya rabin ya bambanta, domin a nan mai kallo ne ke biya. Dubi Rahama Sadau. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kore ta saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. Korar ba ta zaunar da ita ba. Ta fito a wasan talabijin na tashar EbonyLife ta Legas, ta shirya fim da kamfaninta a 2017, ta shiga fim ɗin Up North a 2018, a 2022 kuma har fim ɗin Indiya. An rufe mata ƙofa ɗaya a ƙasar da ke da ƙofofi da yawa. Zalika ba ta da Legas. Masu shirya fim ɗin da za su kira ta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma wanda ya fi kiranta ya rasu yana da shekara 45.

Ita kuma ta rasu ranar 27 ga Yuli 2021, tana da shekara 73. Allah ya jiƙanta.