Amboise

Amboise, wanda Faransawa ke furtawa kamar "Ambuwaz", ƙaramin gari ne a tsakiyar Faransa, a bakin Kogin Loire, kogin da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mai kimanin kilomita 1,000. Yana cikin gundumar Indre-et-Loire, kusan kilomita 25 gabas da birnin Tours, mazaunansa kuwa wajen 13,000 ne. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki na kwarin Loire cikin wuraren tarihi na duniya.

Tarihi

Kogin ne ya kafa garin. Akwai tsibiri a tsakiyar ruwan, Île d'Or, wanda ya sauƙaƙa ƙetarewa, ga kuma tsauni a gefen kudu da ke kallon mashigar. Duk wanda ya riƙe tsaunin ya riƙe hanya. An ruwaito cewa a tsibirin ne Clovis, sarkin Farankawa, ya gana da Alaric na Biyu, sarkin Bisigotawa, a farkon ƙarni na 6.

A 1434 Sarki Charles na Bakwai ya ƙwace gidan sarautar da ke kan tsaunin daga hannun mai shi, Louis d'Amboise, bisa zargin cin amana. Daga nan ya zama gidan sarakunan Faransa. A nan aka haifi Charles na Takwas a 1470, shi ne kuma ya ƙawata shi. Da ya dawo daga yaƙin Italiya a 1495, ya zo da magina da masu lambu Italiyawa. Ajalinsa ya zo ta inda ba a zata ba: a watan Afrilun 1498, yana hanyar zuwa kallon wasan ƙwallo, ya buga kai a saman wata gajeriyar ƙofa, kafin gari ya waye ya rasu yana da shekara 27.

Sarki François na Ɗaya a gidan ya tashi. Shi ya gayyato Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya, a 1516, ya ba shi gidan Clos Lucé, tafiyar 'yan mintoci daga fada, da albashi. Dattijon ya zo da zanensa na Mona Lisa, ya rasu a can ranar 2 ga Mayu, 1519.

Sai baƙar shekara, 1560. Wasu 'yan Furotesta suka ƙulla makircin sace saurayin sarki, François na Biyu, don raba shi da iyalan Guise masu juya mulki. Asiri ya tonu. Aka kashe ɗaruruwa, wasu aka rataye su a jikin barandar fadar, wasu aka jefa su kogi. Bayan haka sarakuna suka riƙa ƙaurace wa gidan, ya koma kurkuku. A farkon ƙarni na 19 Roger Ducos, wanda Napoleon ya ba gidan, ya rushe mafi yawansa don ba shi da kuɗin gyara. Abin da baƙi ke gani yau guntu ne kawai.

Zaman Amir Abdulƙadir

Masu yawon buɗe ido sun fi zuwa don Leonardo, amma labarin Amir Abdulƙadir na Aljeriya bai gaza nasa nauyi ba. Bayan shekara 15 yana yaƙar mamayar Faransa, ya miƙa wuya a Disambar 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Faransa ta saɓa. Aka tsare shi a Toulon, sannan Pau, sannan aka kawo shi Amboise a Nuwambar 1848 tare da iyalansa da mabiyansa.

Mutanen da suka saba da rana sai ga su cikin ɗakunan dutse masu danshi, a sanyin bakin kogi. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a nan, har da mata da ƙananan yara. A Oktobar 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya shaida masa an sake shi. Amir ɗin ya tafi Bursa ta Turkiyya, daga bisani ya zauna Dimashƙa. A 2005 mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara lambu a harabar gidan mai duwatsu 25, ɗaya ga kowane mamaci. A 2022 aka kafa wa Amir ɗin mutum-mutumi a bakin kogin, wasu suka lalata ƙasansa tun kafin a ƙaddamar.

Wuraren gani da rayuwar gari

A gidan sarautar akwai manyan hasumiyoyi biyu, Minimes da Heurtault, waɗanda maimakon matakala aka yi musu hanya mai murɗawa a ciki, yadda mahayi zai hau da dokinsa daga gari har farfajiyar fada ba tare da ya sauka ba. Ƙaramar majami'ar Saint-Hubert na ɗauke da ƙasusuwan da ake kyautata zaton na Leonardo ne. Clos Lucé ya zama gidan tarihi, cike da injinan da aka ƙera daga zane-zanensa. Bayan gari akwai hasumiyar Chanteloup mai tsawon mita 44, wadda Duke na Choiseul ya gina cikin shekarun 1770.

Da farin dutse mai taushi aka gina garin, kuma ramukan da aka haƙo shi sun zama gidaje da rumbunan ajiyar giyar inabi. Kowace Lahadi da safe kasuwa na ci a bakin kogi, inda ake sayar da cukun akuya, kifi, furanni da kayan lambu.