Linoliyam

Linoliyam wani abin shimfiɗar daɓen ɗaki ne da ake haɗawa da man linsid, garin katako, ƙaron itace, garin farar ƙasa da launi, sannan a danne haɗin a kan saƙar zare irin ta buhun algarara. Sunan daga Latin yake, inda "linum" ke nufin tsiron da ake tatsar man daga 'ya'yansa, "oleum" kuma mai. Ledar ɗaki da aka sani a kasuwanninmu ta yi kama da shi a ido, sai dai ita robar PVC ce, wadda tushenta man fetur ne.

Tarihi

Wani Baturen Ingila, Frederick Walton, shi ya ƙirƙiro shi. An ce wajen 1855 ya lura da wata fata mai danƙo da ta daskare a saman fenti cikin gwangwani, sai ya yi tunanin za ta iya maye gurbin roba, wadda ke da tsada a lokacin. Ya yi rajistar fasahar a farkon shekarun 1860, ya kafa kamfani a 1864, masana'antarsa kuma tana garin Staines kusa da Landan.

Da farko kasuwa ba ta karɓe shi ba, amma da ta buɗe sai masu kwaikwayo suka yi caa. Walton ya maka kamfanin Michael Nairn na Kirkcaldy a kotu kan amfani da sunan, ya sha kaye a 1878, domin bai yi wa sunan rajista ba, kuma alƙali ya ga kalmar ta riga ta zama ta kowa. Kirkcaldy ɗin nan ta Sikotland ce ta zama cibiyar sana'ar, har matafiya a jirgin ƙasa kan gane sun iso garin da warin man kawai. A Amurka ma an buɗe masana'anta a tsibirin Staten a shekarun 1870, unguwar ta koma amsa sunan Linoleumville. Daga kicin linoliyam ya shiga asibitoci, makarantu, har jiragen ruwan yaƙi, kafin ledar PVC mai araha ta ture shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Yadda ake yin sa

Ana barin man ya sha iska har ya yi kauri, a cakuɗa shi da sauran kayan, a bi ta kansa da manyan na'urorin murzawa, sannan a rataye shi a ɗakunan busarwa na tsawon makonni. Sabo yakan fito da ɗan ɗorawa-ɗorawa, amma haske na kore shi. Da yake launin ya ratsa har ciki, ko ya goge adon ba ya ɓacewa. Zaren bayansa kuwa daga tsiro dangin lalo ake samun sa.

Muhalli

Mafi yawan kayan haɗinsa daga tsirrai suke, yana ruɓewa idan an yar, kuma yakan yi shekara 25 zuwa 40 in an kula da shi. Wannan ne ya dawo da martabarsa a wajen masu kishin muhalli. Wasu na sukar makamashin da busarwa ke ci da kuma gam ɗin da ake manna shi da shi.

Kulawa

Ba ya son kwanciyar ruwa, kuma sabulu mai kaifi irin na soda yana cinye shi. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar.

A yau

Masana'antu kaɗan suka rage a Turai, ciki har da na kamfanin Forbo, masu linoliyam mai suna Marmoleum, da na kamfanin Tarkett a Italiya.