Jinkirin Dokar Inshorar Lafiya a Nijeriya

Jinkirin dokar inshorar lafiya shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka daga ranar da aka kawo shawarar dokar da za ta sauƙaƙa wa jama'a biyan kuɗin magani zuwa ranar da mara lafiya zai shiga asibiti ya ci moriyarta. A Nijeriya, tsakanin ƙudirin farko na 1962 da dokar 2022 da ta wajabta inshorar a kan kowa, shekara 60 ne cif. Galibin wannan jan ƙafa ba na rashin sanin abin yi ba ne. Ja-in-ja ce a kan wanda zai biya da wanda zai riƙe kuɗin, kuma mutanen karkara, irin na Kano da Jigawa, ba su da kujera a wurin da ake yin ta.

Tarihi

Ministan lafiya Dokta Moses Majekodunmi ne ya fara kai ƙudirin inshorar lafiya gaban majalisa a 1962, amma bai kai labari ba. A shekarun 1980 gwamnatocin soja sun yi ta kafa kwamitoci a kan batun. Sai a 1999, dab da miƙa mulki, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da doka mai lamba 35 wadda ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS. Dokar ta kwanta shekara shida kafin Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a watan Yuni na 2005. Ko da aka fara, ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu ne suka fi amfana, domin shiga ba dole ba ce, kuma jihohi ƙalilan ne suka karɓa.

Dokar lafiya ta ƙasa ma hanyar da ta bi ke nan. An shafe kusan shekara goma ana kai ruwa rana a kanta. Majalisa ta zartar da ita a 2011, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, aka koma aka sake sabon lale, sai a ƙarshen 2014 ta zama doka. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin kuɗin zai bi ta hanyar inshora, kashi 45 ya tafi ga ƙananan asibitoci don magani da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 kuma ga taimakon gaggawa. Wannan shi ne tanadin da ya fi shafar ɗan ƙauye kai tsaye, kuma shi ne aka bari ba a sa masa ko kwabo a kasafi ba har 2018, lokacin da aka ware masa kimanin naira biliyan 55.

Gyaran dokar NHIS ɗin kanta ya leƙo ya koma a 2019: majalisa ta takwas ta zartar, wa'adinta ya ƙare ba a rattaba hannu ba. Majalisa ta tara ta sake ɗauko shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ranar 19 ga Mayu, 2022. Sabuwar dokar ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta mai da inshorar lafiya wajibi, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni, wanda aka ce zai kula da talakawa miliyan 83.

Yadda ake jan ƙafa

Da wuya a ji ɗan siyasa ya fito ya ce ba ya son talaka ya samu magani. Shi ya sa ba a kashe irin wannan doka da rana tsaka, sai dai a bar ta ta yi sanyi. Tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma majalisa na iya tsallake shi da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku, amma ba kasafai take yin haka ba. Idan wa'adin majalisa ya ƙare, ƙudirin ya bi ruwa, sai sabuwa ta faro. In kuwa an sa hannu, akwai sauran matakai uku da ake iya tsayar da doka a kansu ba tare da hayaniya ba: a ƙi sa ta a kasafi, a sa ta a ƙi sakin kuɗin, ko a saki kuɗin a ce ana jiran ƙa'idojin aiki.

Masu jan igiyar suna da yawa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna ƙin a cire kason ma'aikaci daga albashinsa, kuma suna da hujja, domin sun ga asusun da aka yi ta yankan albashi dominsu ba su ga amfani ba. Likitoci da sauran ma'aikatan lafiya sun yi ta takun saƙa a kan wanda zai shugabanci me, kuma wannan na cikin abin da ya riƙe dokar lafiya ta ƙasa a 2011. Kamfanonin da ke shiga tsakanin hukuma da asibitoci suna kare matsayinsu a duk gyaran da aka kawo. Gwamnoni kuwa ba sa son tura kuɗin jiharsu wani asusu a Abuja. Kowanne cikin waɗannan yana da ƙungiya da lauya da hanyar shiga ofishin minista. Manomin gero ba shi da ko ɗaya.

Kano da Jigawa

Abin da ya motsa jihohi shi ne sharaɗin da aka gindaya: jihar da take son kasonta daga asusun tarayya na kula da lafiya a matakin farko sai ta kafa hukumar inshorar lafiyarta da doka. Kano ta yi dokarta a 2016 a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ta kafa hukumar KSCHMA. Jigawa ta biyo baya da hukumar JICHMA a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Kafin nan Jigawa ta gwada nata gyaran da tsarin Gunduma na 2007, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya.

Sunan da aka ba waɗannan hukumomi abin lura ne. Ba a ce inshora ba, aka ce taimakekeniya. Malamai da dama suna da ja a kan inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas, da kuɗin ruwa, don haka sai da aka zauna aka fayyace cewa wannan karo-karo ne, mai lafiya ya tallafi mara lafiya. Wannan jinkirin ya bambanta da sauran, domin ya haifar da yarda. Bahaushe ya san adashi, ya san gayya, ya san gudunmawar biki da ta rashin lafiya. Da aka yi masa magana da harshen da ya sani, bai yi gardama ba. Sai dai a nan ma da masu albashi aka fara, domin su ne ake iya cire wa kuɗi a ƙarshen wata.

Tsarin asusun tarayya shi ne a samu asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa. Kano na da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 287 a ƙananan hukumomi 27. Mazaɓa ɗaya a karkara na iya ɗauke da ƙauyuka da rugage masu nisa da juna, kuma adadin waɗanda ake yi wa rajista kyauta a kowacce bai kai yawan mabuƙata ba.

Abin da jinkiri ke ci a ƙauye

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita. A ƙauye aljihun nan rumbu ne da turke. Naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare a watan Agusta, hanya ta jiƙe, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Maigida ya nemo mai babur ko mota zuwa asibitin sha-ka-tafi, ma'aikacin ya duba ya rubuta takarda ya ce, "Malam, babu shi a nan, sai ka je kemis." In abin ya fi ƙarfinsu a tura su babban asibiti, inda za a nemi kuɗin jini da na aiki. Kafin gari ya waye an aika gida a kwance akuya, ranar kasuwa a sayar da ita yadda ta samu, domin dillali ya san mai ita a matse yake. Wani gidan gona ake jinginarwa. Wani kuma lissafin nan ne yake sa a zauna a gida ana jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008, da yawansu doguwar naƙuda ce ta kai su can.

Shekara huɗun nan tsakanin 2014 da 2018 da asusun kula da lafiya a matakin farko ya zauna babu kuɗi damina huɗu ce ta zazzaɓin cizon sauro, kuma yaron da aka haifa a shekarar da aka fitar da dokar 1999 ya kai shekara 23 kafin a wajabta inshorar da ta haɗa da shi.

Dokar 2022 ta rufe babi ɗaya, amma kalmar wajibi tana da sauƙin aiwatarwa ne a kan mai albashi. Manomi kuɗinsa na kaka ne, sau ɗaya a shekara, kuma tsarin biya wata-wata bai dace da shi ba. Rajista tana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda tsofaffi da matan karkara da yawa ba su da ita. Waɗanda suka samu katin inshorar ma, amfaninsa ya rataya ne a kan ko kuɗin wannan zangon ya iso asibitin mazaɓa, da kuma ko akwai ungozoma a bakin aiki idan dare ya yi.