Faifan tsohuwar kwamfuta ya mutu: karanta wannan kafin ka sake tambaya ta

Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Na amsa su har bakina ya bushe, don haka na tara su wuri guda. Maganar ita ce yadda ake haɗa wa kwamfutar shekarun 1980 da 1990 abin da zai zauna a gurbin faifan ajiyarta, da katin memori. Duk wanda ya sake kawo min tambayar da ke nan, nan zan turo shi.

Tsohon faifan yana juyawa har yanzu. In ci gaba da amfani da shi?

Kwashe abin da ke cikinsa yau. Da wannan na fara saboda ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa. Faifan da ya haura shekara 30 mansa ya daskare, kan da ke karatu yana iya mannewa a jikin faifan, wasu faifan Quantum na tsofaffin Macintosh kuma akwai wata 'yar roba a cikinsu da ke narkewa ta zama kamar danƙo, ta riƙe hannun karatun. Ba ka san wace kunnawa ce ta ƙarshe ba. Daina kunna shi don kawai ka ji ƙararsa.

Da gaske kwamfutar 1988 za ta karanta katin memori?

Za ta karanta. Ita ba ta san kati ba ne, faifai take gani.

Wane iri zan haɗa?

Buɗe kwamfutar ka ƙirga haƙoran kebul ɗin faifan, su ne za su nuna maka irin yaren da take magana da faifai da shi. In 40 ne, IDE ce. In 44 ne ƙanana matsattsu, IDE ce ta laftof, irin wadda ke cikin Amiga 600 da 1200. In 50 ne, SCSI ce, wadda Apple ya fara sa wa Macintosh Plus a 1986, ta soket mai haƙora 25 a bayanta. In kuma ka ga kebul biyu, mai 34 da mai 20, to ka faɗa kan MFM, irin faifan megabait 10 da ya zo da IBM XT a 1983. Daina turo min sunan kwamfuta kawai kana jiran in yi maka duba.

Tawa IDE ce.

Ka huta. Nemi katin CompactFlash, wato CF, da adaftarsa. Tun da SanDisk ya fito da katin a 1994 yana jin yaren IDE da kansa, shi ya sa adaftar ba ta da wata ƙwaƙwalwa, wayoyi ne kawai da soket biyu. Mai haƙora 40 tana bukatar ka ba ta wuta bolt 5 daban, mai 44 kuwa daga kebul ɗin take sha. Jan layin da ke gefen kebul yana bin haƙori na 1. In ka juya shi a mai 44, kana iya ƙona katin.

Ba zan iya haɗa adaftar da hannuna ba?

Za ka iya, amma soket ɗin CF ƙafa 50 gare shi a matse. Wahalar ta fi ladan.

Tawa SCSI ce.

Nan ne aikin hannu na gaskiya yake, domin babu katin da ke jin SCSI. Dole a sami ɗan ƙaramin inji a tsakani da zai riƙa amsa wa kwamfutar kamar faifai, yana ɗebo bayanan daga katin SD. Kada ka ce za ka ƙirƙiro naka daga tushe. Akwai BlueSCSI da ZuluSCSI, akwai PiSCSI da ke hawa kan 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, mutane sun riga sun sha wahalar. Sabon BlueSCSI a kan wani ɗan ƙaramin allo mai suna Raspberry Pi Pico aka gina shi: ka samu allon, ka liƙa sokocin da dalma, ka ɗora Pico, ka zuba masa manhajarsa. Shi "faifan" fayil ne guda a kan katin. Fayil mai suna HD10_512.hda, misali, yana nufin faifai mai lamba 1, kowane sashe bait 512. Abin da ya fi burge ni a tsarin ke nan: in kana son ajiye kwafin faifanka gaba ɗaya, fayil ɗaya za ka kwafa.

Zan iya jona Pico kai tsaye da kebul ɗin SCSI, in rage kaya?

A'a. Ƙafafun Pico na bolt 3.3 ne, layin SCSI na zamanin bolt 5 ne, kuma ƙa'idarsa ta ce mai jan layi ƙasa ya iya ɗaukar miliamfa 48. Pico ba shi da wannan ƙarfin. Ƙananan cif-cif ɗin da ka gani a tsakani ba ado ba ne. In wani ya ce maka nasa ya yi aiki a haka, tambaye shi bayan wata uku.

Na haɗa, kwamfutar ba ta ganinsa.

Abu biyu ne kusan kullum. Na farko lamba: layin SCSI yana da lambobi 0 zuwa 7, kwamfutar ta riga ta ɗauki 7, faifan ciki na Macintosh kuma yawanci 0 ne. In na'ura biyu suka yi karo a lamba ɗaya, duka biyun sai su ɓace. Na biyu toshiyar ƙarshen layi, wato tamineta: ana son ta a bakin layi biyu, farko da ƙarshe, ban da tsakiya. In tsohon faifan da ka cire shi ne ke ɗauke da ita, ka cire ta tare da shi ba ka sani ba. Kunna taminetar da ke kan allonka. Sannan ka sani, manhajar Apple ta shirya faifai, HD SC Setup, takan yi kamar ba ta ga faifan da ba na Apple ba, wannan halinta ne, ba laifin dalmarka ba.

BIOS (manhajar cikin babban allo da ke tayar da PC) ya ga katin CF, na zuba fayilolin DOS (manhajar da ke tafiyar da tsohuwar PC) daga sabuwar kwamfuta, amma ta ƙi tashi. Me ya faru?

To, zauna, wannan ba ta da amsa guda, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa abin da zan faɗa shi ne naka ba.

Mafi sauƙi shi ne kwafar fayiloli ba ya sa faifai ya tashi. DOS yana bukatar a rubuta masa sashen tashi, kuma umarnin format c: /s ko sys c: ne ke yin wannan. Wani lokaci ma an yi hakan, amma an manta a shiga fdisk, manhajar raba faifai yanki-yanki, a nuna cewa wannan yankin ne za a tashi daga kansa. Wani lokaci kuma katin ya zo daga masana'anta da sashen farko wanda aka shirya don kyamara, babu umarnin tashi a ciki. A DOS 5 zuwa sama, fdisk /mbr kan warware wannan. Gwada waɗannan ukun tukuna, ba su cin minti goma.

In ba su yi ba, mai yiwuwa lissafi ne ya saɓa. Tsohon BIOS ba ya ƙirga faifai a jere daga ɗaya zuwa ƙarshe. Da silinda, da kai, da sashe yake nemo wuri, kamar mai neman gida da unguwa da layi da lamba. Sabuwar kwamfuta da ta raba katin ta na'urar USB takan ɗauka kawuna 255 ne, alhali tsohuwar tana lissafi da 16 ko ƙasa da haka. Adireshi ɗaya, gida daban. Shi ya sa nake ta nanatawa: raba katin da yi masa fomat a kan tsohuwar kwamfutar za ka yi, ka tashe ta da filofi. Bayan nan galibi kana iya zare katin ka ƙara masa fayiloli a sabuwa ba tare da matsala ba. Na ce galibi.

In PC ce mai ƙwaƙwalwa samfurin 286 ko 386, wataƙila BIOS ɗinta ba ya gano faifai da kansa, jerin nau'o'i kawai zai ba ka. A da yawa daga cikinsu lamba 47 ita ce wadda kake cike alƙaluma da hannunka. Kada ka wuce silinda 1024, kai 16, sashe 63, kuma kada jimillar ta fi girman katin. Rubuta alƙaluman a takarda ka manna a cikin akwatin kwamfutar. Ranar da batirin BIOS ya mutu ya manta su, in ka sa wasu daban, fayilolinka za su zama shirme ko da suna nan lafiya.

In duk wannan daidai ne, cire duk abin da ke kan kebul ɗin ya rage katin kaɗai, domin wasu katunan ba sa son zaman kishi da wani faifai ko na'urar CD. A kwamfutocin zamanin Pentium kuma kashe DMA, wato hanyar tura bayanai kai tsaye tsakanin faifai da memori, ka gani, wasu adaftocin ba a ja musu wayarsa ba. Idan har yanzu shiru, canza kati. Akwai katin da haka kawai ba ya shiri da wata kwamfuta, ka ɗauko wani ƙarami tsoho ya tashi nan take. Na daina neman dalili a irin wannan.

Ina da kati mai gigabait 64, ba ya fi ba?

Ya fi a ina? Alƙaluman can na sama, 1024 da 16 da 63, in ka ninka su da bait 512, megabait 504 za su ba ka, kuma nan yawancin BIOS na kafin 1994 suke tsayawa. MS-DOS 3.3 ba ya wuce megabait 32 a yanki guda. DOS 6 yana tsayawa a gigabait 2. Tsohon System 7 na Macintosh shi ma gigabait 2 ne, AmigaOS 3.1 kuma yana rikicewa bayan gigabait 4, har ya iya rubutu a kan bayananka. A ɓangaren SCSI babban katin SD ba laifi, fayil ɗin faifan ne za ka yi ƙarami. Mai Amiga kuma, saita MaxTransfer, wato iyakar bayanan da ake turawa a karo guda, a 0x1FE00, in ba haka ba manyan fayiloli za su lalace a ɓoye.

An ce katin zai gaji da rubutu ya mutu.

Kwantar da hankalinka. DOS ba ya rubutu sai ka sa shi. Windows 95 da 98 ne ke yawan rubutu a fayil ɗin musaya, wanda suke juye abin da memori bai ɗauka ba a cikinsa, shi ma ba abin hana barci ba ne ga kwamfutar da ake kunnawa jefi-jefi. Ajiye kwafin katin, shi ke nan.

MFM fa?

Akwai allon da ke kwaikwayonsa, amma in PC ce, cire faifan da allon da ke sarrafa shi, ka sa allon XT-IDE, mai ba kwamfutar soket ɗin IDE, a ramin ISA na babban allo. Yana zuwa da BIOS nasa, ya tsallake maka rabin ciwon kan da ke sama.

Ban taɓa liƙa da dalma ba.

Kowa da ranar farkonsa. Koyi a kan mataccen allo, sannan ka zaɓi samfurin da aka riga aka liƙa ƙananan cif-cif ɗinsa, ya rage maka sokoci masu manyan ƙafafu. Auna tsakanin layin bolt 5 da na ƙasa da mita kafin ka jona. Amma in Macintosh ce mai allon kallo a jikinta, irin SE ko Classic, kwalbar allon tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga soket. Kada hannunka ya je wajen.

Na yi komai, tana tashi, amma tana sandarewa.

Ba faifan ba ne. Duba kafasitoci ko sun yi yoyo, duba batirin da ke kan babban allo ko ya zubar da gishiri, auna bolt 5 na injin wuta.

Yanzu babu ƙarar nan ta faifai, na yi kewarta.

Jona ɗan fitilar da ke gaban akwatin, ka riƙa kallon ƙiftawarta.