Sarrafa littafin sauti a kwamfuta ga makafi

Sarrafa littafin sauti a kwamfuta shi ne hanyoyin da makaho ko mai raunin gani ke bi wajen kunna littafin da aka naɗa da murya, da dakatar da shi, da tariyo shi, da tsallakawa daga babi zuwa babi, da komawa daidai inda ya tsaya, duk ba tare da duban allo ba. Ana yin wannan aiki ne da madannai, tare da manhajar karanta allo mai furta abin da ke rubuce. Akasarin manhajojin kunna sauti don waƙa aka ƙera su, waƙa kuwa minti uku ce ko huɗu, in ta katse sai a sako ta daga farko. Littafi yakan kai awa goma ko ashirin. Shi ya sa riƙe wurin da aka tsaya ya zame babbar matsalar wannan fanni tun daga farkonsa.

Zamanin faifai

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya, kuma cikin amfanonin da ya lissafa mata a 1878 har da littattafai masu yi wa makafi magana. Sai da aka shafe fiye da shekara 50 kafin hakan ya tabbata, domin faifan garmaho na lokacin mintuna kaɗan yake ɗauka.

A 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Pratt-Smoot, wadda ta ɗora wa Laburaren Majalisa alhakin samar wa manyan makafi littattafai. Gidauniyar Makafi ta Amurka ta inganta faifai mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar kimanin minti 15, aka kuma fara rarraba littattafai masu magana wajen 1934. A Ingila an fara a 1935, bisa haɗin gwiwar cibiyar makafi ta ƙasa, wadda yau ake kira RNIB, da ƙungiyar St Dunstan's mai kula da sojojin da suka makance. Ian Fraser, wanda ya rasa idanunsa a Yaƙin Duniya na Farko, yana cikin jagororin aikin. Faifan Ingila yana juyawa sau 24 a minti, fuska ɗaya tana kai minti 25.

Littafi guda yakan ci faifai goma ko fiye, a cikin akwati mai nauyi da ake aikowa ta gidan waya. Ana buga lambar faifai da rubutun Braille don mai karatu ya gane jerinsu da yatsa. Amma in ya ɗaga allura a tsakiyar fuska, wurin ya ɓace, sai dai ya yi lalube, ya sauke ta, ya saurara, ya sake ɗagawa.

Kaset

Kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963, ɗakunan karatu na makafi kuma suka koma kansa a hankali cikin shekarun 1970. Kaset ya zo da wata falala da ba a cika yaba masa ba: yana riƙe wuri da kansa. Inda aka tsayar da zaren, nan za a tarar da shi ko bayan wata guda, ko da an canja na'ura. A Amurka an rage saurin zaren zuwa rabin na kaset ɗin kasuwa, aka raba shi layi huɗu maimakon biyu, ta yadda kaset mai minti 90 ya koma ɗaukar awa shida.

A wannan zamani ne aka samu dabaru biyu da suka wanzu har yau. Ta farko ita ce alamar ƙara: ana naɗa wani sauti mai zurfi a farkon babi ko shafi, wanda kunne ba ya ji sosai a lokacin karatu, sai an danna gudu gaba ko baya sannan ya fito kamar ɗan fito. Mai karatu yana ƙirga su har ya isa inda yake nema. Ta biyu ita ce ƙara saurin karatu. Da farko muryar takan sirance har ta yi tsini, daga baya aka samu na'urori masu gyara amon.

DAISY

Zuwan faifan CD da fayilolin MP3 ya inganta sauti, amma ya kwashe falalar kaset, domin fayil ba ya tuna inda aka bar shi. Ɗakin karatun littattafan sauti da Braille na ƙasar Suwidin ya fara neman mafita a farkon shekarun 1990, aka kafa ƙungiyar DAISY a 1996. Tsarin DAISY, na littattafan sauti na kwamfuta, yana ɗaure sauti da taswirar littafin, wato babuka da ƙananan kanu da lambobin shafi, wani lokaci har da jimloli. Ɗalibi zai iya rubuta lambar shafin da malami ya ambata ya faɗa kansa kai tsaye, abin da faifai da kaset ba su taɓa ba shi ba. Sigar 2.02 ta fito a 2001, an kuma amince da tsarin a matsayin ma'aunin hukuma a Amurka a 2002, aka sabunta shi a 2005. Tsarin littattafan lantarki na EPUB 3 na 2011 ya ɗauki da yawa daga dabarunsa. Ana karanta littattafan DAISY da manhajoji irin su AMIS da FSReader da EasyReader, ko da na'urorin hannu irin su Victor Reader Stream.

Manhajar karanta allo

JAWS ta Windows ta fito a 1995. NVDA, wadda kyauta ce, Michael Curran ya fara ta a Ostareliya a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi; dukkansu makafi ne. Apple ya sa VoiceOver cikin kwamfutocinsa a 2005. Masu Linux suna da Orca.

Muryar manhajar da ta mai karanta littafin sukan yi karo a kunne ɗaya. Maganin da aka samu shi ne manhajar ta rage ƙarar littafin duk sa'ad da za ta yi magana. NVDA ta samu wannan a 2016, ana kuma sauya shi da maɓallin da aka ware wa umarnin NVDA haɗe da Shift da D.

Manhajojin kunna sauti

Winamp, wadda ta fito a 1997, ta samu karɓuwa ta musamman wurin makafi, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya ɗora hannu a kan madannai. Maɓallai biyar ne jere a layin ƙasa, ƙarƙashin yatsun hagu: Z ya koma fayil na baya, X ya kunna, C ya dakatar, V ya tsayar gaba ɗaya, B ya wuce na gaba. Kibiyar hagu da ta dama suna matsawa daƙiƙa biyar, ta sama da ta ƙasa suna daidaita ƙara. Ctrl da J suna buɗe wurin rubuta minti da daƙiƙar da ake so. Bambancin C da V yana da muhimmanci ƙwarai ga mai littafi, domin V yana mayar da fayil farkonsa, kuskuren yatsa ɗaya kuma zai iya jawo neman wuri a cikin fayil mai awa uku. JAWS ta zo da ƙarin umarni na musamman don Winamp, har da na ajiye alamar lokaci.

VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a Faransa, tana da tsalle hawa-hawa: Shift da kibiya daƙiƙa 3, Alt da kibiya daƙiƙa 10, Ctrl da kibiya minti ɗaya, Ctrl da Alt da kibiya minti biyar. Dogon maɓallin tazara yana kunnawa da dakatarwa, Ctrl da T suna kai mutum wani lokaci takamaimai. Tun sigar 2.2 tana iya ci gaba daga inda aka tsaya, kuma ya fi dacewa a saita ta ta riƙa yin haka kullum maimakon ta yi tambaya, domin tambayar takan bayyana a allo ta ɓace kafin mai amfani ya kai gare ta. Alamomin da aka ajiye da Ctrl da B sukan salwanta in ba a adana su cikin jerin kunnawa ba.

A foobar2000, ta 2002, mutum na iya zaɓar maɓallan da za su yi aiki ko yana cikin wata manhajar, abin da ke taimakon mai rubuta bayanai yana sauraro. Windows Media Player tana dakatarwa da Ctrl da P.

Tsarin fayiloli

Littafin MP3 yakan zo a gutsuttsure. In aka sa wa fayilolin lamba 1, 2, 3 ba tare da sifiri a gaba ba, wasu manhajoji sukan jera 10 da 11 kafin 2, mai sauraro ya tsinci kansa a tsakiyar labari bai san me ya faru ba. Rubuta 01 da 02 yana kawar da wannan. Haka nan wajibi ne a kashe zaɓin kunnawa a hargitse, wanda don waƙa aka yi shi. Tsarin M4B yana tattara littafi a fayil ɗaya da alamomin babi a ciki.

Saurin sauraro

Makafi da dama suna sauraro da ninki biyu na saurin magana ko fiye. Binciken da aka yi a Jami'ar Tübingen ta Jamus ya nuna wasu makafi da suka saba suna fahimtar kimanin gaɓa 20 a daƙiƙa, alhali masu gani sukan tsaya wajen 8 zuwa 10.

Batutuwan da ake saɓani a kai

Littattafan kasuwa irin na kamfanin Audible, wanda Amazon ya saya a 2008, suna zuwa da kullen haƙƙin mallaka, ba sa buɗuwa sai a manhajojin da aka amince da su. Masu wallafa suna ganin kariya ce, ƙungiyoyin makafi kuwa suna cewa tana hana mutum amfani da manhajar da hannunsa ya saba da ita. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta sauƙaƙa musayar littattafan makafi tsakanin ƙasashe. Akwai kuma daɗaɗɗiyar muhawara kan ko sauraro zai iya maye gurbin Braille, musamman ga yara masu koyon haɗa baƙi da ƙa'idojin rubutu.