Waiwaye: Ina Ƙofar Afuwa Ga Fursunan Da Ya Gyara Halinsa A Arewacin Kamaru?

Duk mai bi ta gaban babban gidan yarin Marwa ko na Garwa da hantsi ya saba ganin mata riƙe da kwanukan abinci suna jiran a bincika a shigar wa nasu. A cikin waɗanda ake kai wa akwai mutanen da suka haura shekara 15 a tsare, wasu sun koyi ɗinki ko dukanci, wasu sun sauke Alƙur'ani har suna jan salla, kuma masu gadi kansu suna yi musu kyakkyawar shaida. Tambayar da iyalansu ke yi wa lauya da liman ita ce ko wannan gyaran hali yana da wani nauyi a wajen hukuma. Tarihin afuwa a ƙasar ya nuna nauyinsa kaɗan ne.

Tsarin mulkin 1996 ya ɗora ikon yin afuwa a hannun shugaban ƙasa, bayan ya tuntuɓi majalisar ƙoli ta alƙalai. Afuwar tasa tana rage hukunci ko ta sauya shi, amma laifin yana nan a rubuce, saɓanin wadda majalisar dokoki ke yi, mai shafe laifin baki ɗaya. Mutanen arewa sun san ta biyun tun daga yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984, lokacin da aka kama ɗimbin sojoji da fararen hula 'yan yankin, aka kashe wasu, aka tsare wasu shekaru, ciki har da Issa Tchiroma Bakary, wanda daga baya ya zama minista. Sai a 1991, ana cikin guguwar neman jam'iyyu da yawa, aka yi dokar da ta yafe musu. Siyasa ce ta rufe su, ita ce kuma ta buɗe.

Haka al'amarin ya ci gaba, afuwa tana zuwa a dunƙule, kan wani buki ko wata larura. A Fabrairun 2014, albarkacin bukin shekara 50 da haɗewar ƙasar, Shugaba Paul Biya ya sa hannu kan umurnin da ya fitar da Titus Edzoa, tsohon babban sakataren fadar shugaban ƙasa, da ɗan kasuwa Michel Thierry Atangana bayan shekara 17 a kurkuku. A ranar 15 ga Afrilu 2020, saboda tsoron yaɗuwar korona a gidajen yarin da suka cika maƙil, wani umurnin ya mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, ya mayar da rai da rai shekara 25, ya kuma rage wa masu gajeren wa'adi. Sai dai ya tsame waɗanda aka kama da ta'addanci, cin amanar tsaron ƙasa, wawurar dukiyar gwamnati da cin hanci, kuma bai shafi masu jiran shari'a ba, alhali su ne mafi yawa.

Wannan tsamewar ta fi ciwo a yankin Arewa Mai Nisa, wanda Marwa ce hedkwatarsa. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 ta miƙa irin waɗannan shari'o'i ga kotun soja, kuma an gurfanar da mutane masu yawa daga ƙauyukan iyaka kan zargin alaƙa da Boko Haram. Wakilin sashen Hausa na RFI, Ahmed Abba, wanda aka kama a Marwa a 2015 aka yanke wa shekara 10, ɗaukaka ƙara ce ta fitar da shi a ƙarshen 2017, bayan duniya ta yi ta kiran sunansa. Talakan da ba a san shi ba, ko da ya shekara 10 bai taɓa faɗa da kowa a kurkuku ba, sunan laifinsa kawai umurnin ke dubawa.

Akwai wata ƙofa a dokar laifuffuka, wato sakin mutum bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, kuma ita ce ta fi kusa da auna halin mai zaman. Amma ita ma sai an rubuta takarda ta tafi Yawunde, abin da ke buƙatar lauya, kuɗin mota da haƙuri mai yawa. Iyalai da dama kan fara da abin da suka sani: su je wa lamiɗo da malamai, a nemi dangin wanda aka cuta su yafe, wani lokaci a biya diyya. Wannan yana kashe gaba tsakanin gidaje biyu, yana kuma sa mai fitowa ya sami wurin komawa, amma a dokar ƙasa yafewar dangi ba ta soke hukuncin kotu.

Maƙwabciya Chadi ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya a 2020, yayin da Kamaru, wadda rabonta da zartar da shi tun 1997, take riƙe da shi a takarda. Duk da haka afuwar da shugaban Chadi Mahamat Idriss Déby ya yi a 2023 ga mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta FACT da masu zanga-zangar 20 ga Oktoba 2022 ita ma ta taron jama'a ce, ta sulhun siyasa. A ƙasashen biyu, rahoton shugaban gidan yari kan fursuna guda bai kai matsayin da zai tilasta wa kowa sake buɗe fayil ɗinsa ba.