Waiwaye: Yadda taki ya shaƙe mashigin Chesapeake

Duk bazara, ƙasan ruwan Chesapeake, mahaɗar koguna da teku mafi girma a Amurka, yakan rasa iskar oksijin har kifi su ƙaurace masa. Masu kamun kaguwa kan janyo tarkonsu su tarar da kaguwar ta mutu a ciki, ba ta samu hanyar gudu ba.

Matsalar ta daɗe. Tun shekarun 1930 masana suka fara lura da ita, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi ƙamari, lokacin da takin zamani ya yawaita, birane suka bunƙasa. Ruwan jihohi shida da birnin Washington duk nan yake zuba, ɗauke da naitirojin da fosfaras daga gonaki, kashin kaji da na shanu, da magudanan bayan gida. Abincin tsiro ne, sai gansakuka ta yi ta yaɗo. In ta mutu ta nutse, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ita su cinye iskar ƙasa. Ruwan kogi marar nauyi kuwa yana kwance a kan ruwan gishiri, ya hana sabuwar iska sauka.

Da can kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ita ce ke tace ruwan. An kiyasta cewa a ƙarni na 19 takan tace mashigin kaf cikin kwanaki kaɗan. Kamun ganganci da cututtuka suka kusan ƙarar da ita.

Guguwar Agnes ta 1972 ta kwararo da laka mai yawa, ciyawar ƙasan ruwa ta mutu, hankali ya tashi. Aka sa hannu kan yarjejeniyar ceto mashigin a 1983, a 1987 kuma aka yi alkawarin rage sinadaran da kashi 40 cikin ɗari kafin 2000. Ba a cika ba. A 2010 hukumar muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙayyade wa kowace jiha iyakarta, da wa'adin 2025, wanda shi ma tun kafin ya zo aka san ba za a cimma ba.

An gyara matatun ruwan datti, kuma ya yi amfani. Amma bututu yana da mai shi, ana iya tsare shi da doka. Gonaki dubbai fa, musamman na jihar Pennsylvania? Akasari roƙon manoma ake yi da tallafi, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Ga madatsar Conowingo ta 1928 da ke kan kogin Susquehanna, wadda ta daɗe tana tare laka, yanzu ta cika, duk babbar ambaliya sai ta tura abin da ta tara cikin mashigin.